Littafin da Na Ƙwace a Hannunki

Tudun Wada, Zariya
Ranar Laraba, bayan la'asar

Zuwa ga uwata, Uwani.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar uba, ina roƙon Allah Ya kai ki Kano lami lafiya, Ya sauke ki a hannun mutanen kirki, Ya tsare ki a inda idona ba ya kaiwa. Amin.

Kin san halina. Ke ce ta fari, ga shi kuma sunan mahaifiyata kika ci, shi ya sa tun kina goye ban taɓa iya zaunar da ke in yi doguwar magana ba. To, abin da baki ya kasa, bari alƙalami ya ɗauka. Na ce wa Innarku ta ba ki takardar nan a tasha, kada ki buɗe sai jirgi ya tashi. Babu labarin gida a ciki, don kin fi ni saninsa. Nasiha kuwa kin sha ta wurin gwaggwanninki har kunnenki ya ƙoshi. Ni magana ɗaya ce da ni, a kan littafin nan mai koren bango, na su Tanimu da Lantana, wanda yanzu daga Kongo har Sabon Gari da wuya a sami ɗan makarantar da bai karanta shi ba. Innarku ta ce ta ga kin cusa shi can ƙasan akwati ƙarƙashin zannuwa, kamar kayan sata. Na san ni na jawo haka. Ki fito da shi ki ajiye inda kowa zai gani. Littafin kirki ne, kuma ba da ka na faɗa ba, na karanta shi daga bango zuwa bango.

Kin san abin da ya faru a daminar waccan shekarar, amma bari in faɗa miki yadda ni na gan shi. Innarku ta tafi barka, ta bar miki ƙaninki Garba, lokacin yana tatata. Kika zauna a zaure da littafi, shi kuma ya sulale ya nufi kududdufin bayan gida inda ake ɗibar ƙasar gini, wanda ruwan sama ya cika fal. Allah Ya sa Maman Ngozi, matar Mista Okoro mai sayar da yadi kusa da shagona, tana dawowa daga famfo. Ta hango ƙafarsa, ta yar da bokiti, ta faɗa ruwan nan da zanenta, ta ciro shi, ta kifa shi a cinyarta tana matsa cikinsa har ya amayar da ruwa ya tsala kuka. Aka zo aka kira ni, na baro keken ɗinki da rigar mutane a kai, na iso a guje. Abin da na fara gani ke ce, tsaye, littafin yana hannunki, yatsanki na cikin shafin da kika tsaya. Yatsan nan shi ya ƙarasa tunzura ni. Na fizge littafin, na ce a gaban jama'a, "Wallahi ke da makarantar boko har abada."

Kafin in wuce, ki riƙe wannan. Laifinki na ran nan laifi ne, kuma ba zan wanke ki ba don kina tafiya. An ba ki amanar rai kin sa ido a takarda. Inda za ki, aikin jinya za ki koya, kullum za a riƙa danƙa miki 'ya'yan mutane da iyayensu. Littafi yana jira, majinyaci ba ya jira. In kina bakin aiki, ko labarin ya kai inda ya fi daɗi, ki rufe shi. Na san kin riga kin koyi wannan, don tun daga ranar ban ƙara ganin kin ɗauke ido daga kan yaro ba. Nawa kuskuren daban ne. Ke kika yi sakaci, ni kuma na hukunta littafi da makaranta, na kuma ɗaure kaina da rantsuwa ina cikin fushi. Kada ki rantse kina fushi, uwata. Fushi zai wuce kafin magariba, rantsuwa kuwa tana nan zaune tana jiranki.

Washegari na shiga birni wurin Baba Malam, wana, na shaida masa na cire ki. Kin san dama shi bai so shigarki boko ba tun farko, sai dai ya ƙyale ni. Ya ce, "To, Ilyasu, tunda ka gani da idonka, shi ke nan." Bai ƙara ba, bai rage ba.

Littafin kuwa na kai shi shago da niyyar in riƙa yago takardunsa ina ƙunshe wa mutane maɓalli. Na kama shafin farko zan yaga ke nan sai Mista Okoro ya leƙo daga rumfarsa. Mutumin nan ya daɗe a Zariya, Hausarsa ta nuna. Ya ce, "Malam Ilyasu, littafin Uwani ne wannan?"

Na ce, "Shi ne, shaiɗanin da ya kusa ci mini ɗa."

Ya ce, "Ka karanta shi?"

Na ce, "Me zan karanta a tatsuniyar yara?"

Ya yi 'yar dariya ya ce, "Shekara nawa muna tare, ban taɓa ganin ka sa almakashi a yadi ba ka auna ba. Ko ƙyalle ne sai ka ɗora masa awo. Yau ga shi za ka yanke ba awo."

Ya koma rumfarsa ya bar ni da littafi a hannu. Na ji haushi, amma ban yaga ba. Na jefa shi cikin kwandon ƙyallaye. Bayan 'yan kwanaki, da azahar, kasuwa ta yi sanyi, na ciro shi don in samo abin da zan nuna wa Okoro in ce, "Ga shirmen." Kin san karatuna na boko a ajin manya na koye shi, da girmana, ina bin baƙi da yatsa ina haɗawa. Haka na fara, ina jiran inda aljani zai ɓullo, ko wani boka ya rikiɗa ya zama kura, irin abin da na zaci ana cika wa yara kai da shi. Shiru. Sai ga gida irin namu, uba ya tafi Kudu neman aiki, labarinsa ya yanke, uwa tana kwance ba lafiya, yara biyu sun ɗaura ɗan ƙunshinsu sun shiga jirgi neman ubansu. Ba tsafi, ba siddabaru. Duk abin da ya same su a hanya abu ne da zai iya samun ɗan kowa, duk inda suka kuɓuta kuma da hankali ne ko da taimakon mutane. Wannan ne abu na farko da ya sa na girmama mai littafin. Bai ruɗi yara da cewa akwai wata laya da za ta fitar da su ba.

Sai kuma Hausarsa. Yaran suna magana kamar yadda ku kuke yi a tsakar gida, har da gatse da ƙorafi. Da Lantana ta ce wa wanta, "Kai dai Yaya, bakinka ya fi ƙafarka sauri," sai da na ajiye littafin na yi dariya ni kaɗai, don na ji muryarki a ciki sak. Ran nan wani ya zo karɓar kaftaninsa ya tarar ko kalmasa ban yi ba. Na ba shi haƙuri, ban dai gaya masa dalili ba.

Inda littafin ya kama ni da gaske shi ne babbar tashar nan da za su sake jirgi. Jirage biyu suna tsaye, Lantana ta ce, "Yaya, mu tambaya." Tanimu ya ce shi ba baƙauye ba ne da zai tsaya tambaya a gaban mutane, ya ja hannunta suka shiga wanda ba nasu ba. Uwata, ina karanta wurin nan ina jin kamar wani ya tsaya a bayana shekarun baya yana kallona. Ina saurayi, kafin in auri Innarku, na hau ƙaramin jirgin nan na Jos zan je koyon ɗinkin keke wurin wani abokin mahaifinmu. An gaya mini sunansa da unguwarsa. Na sauka da 'yar jamfata mai guga, ina ji da kaina ni ɗan birnin Zazzau, jikan malamai. Wai ni ne zan tare ɗan dako in ce ya nuna mini hanya? Na bi titi ina taƙama kamar garinmu. Na yi ta yawo har rana ta faɗi, na kwana a rumfar kasuwa cikin sanyin Jos, na tashi da ciwon ƙirjin da ya kwantar da ni kusan wata guda. Gidan da nake nema kuwa yana bayan tasha, da na buɗe baki da yaro ma ya kai ni.

Saboda haka ki zama Lantana a wannan wurin. Makarantar da za ki, za a yi muku bayani da Turanci, da sauri, wani ki gane wani ya wuce ki. Ki ɗaga hannu ki ce ba ki gane ba. Wasu za su yi dariya, yawancinsu kuwa su ma ba su gane ba, kunya ce ta rufe musu baki. Ni rashin tambayata ƙirjina kaɗai ya ci. Ke in kika ƙi tambaya a kan magani, wani ne zai biya da jikinsa.

Jirgin da suka shiga bisa kuskure ya kai su garin da ba sa jin yaren mutanensa. Kin tuna tsohuwar nan mai gasa doya a bakin tasha, wadda ta gan su a rakuɓe ta yafuto su, ta ba su abinci, ta shimfiɗa musu tabarma, ba ta jin ko kalma ɗaya ta Hausa? Mai littafin bai tsaya wa'azi ba. Ya dai nuna ta tana nuna ruwa da yatsa tana faɗin sunansa da yarensu, Lantana tana maimaitawa, suna dariya. Da na kai nan sai na ɗaga kai na dubi rumfar Okoro. Na tuna tun ranar kududdufi abin da na ce wa matarsa bai wuce "sannu, an gode" ba, shi ma a tsaye, ina huci. Matar da ta shiga ruwa don ɗana! Fushi ya cika mini ciki har bai bar wa godiya wuri ba. Da yamma na ɗinka wa Ngozi 'yar riga da mafi kyawun yadin da nake da shi, na sa Innarku gaba muka je har gidansu muka zauna muka yi godiya yadda ta kamata. Maman Ngozi ta karɓa, ta dube ni ta ce, "Malam, rigar ta yi kyau. Amma ni abin da nake so, Uwani ta koma makaranta. Yarinyar tana ramewa."

A asibiti za ki ga kowane irin mutum, mai salla da mai zuwa coci da wanda ba ya ko ɗaya, mai jin Hausa da wanda sai da nuni. Ciwo bai san wannan ba, ke ma kada hannunki ya sani. Kuma duk wanda ya yi miki alheri ki gode masa da wuri, ki gode a zaune.

Na gama littafin na san na yi kuskure, amma ga rantsuwa a wuyana, ga kuma maganar da na kai wa Baba Malam da bakina. Na yi ta jan ƙafa. Ina ganinki kina shara, kina daka, kina wanke-wanke, ba ki taɓa ɗaga mini murya ba, in 'yan ajinku sun wuce da safe sai ki shige ɗaki. Nan ma na ƙara wani kuskuren, don na bar ki kin rasa karatun watanni saboda kawai ina jin nauyin in ce na sake shawara. In kin gane kin ɓata, ki gyara a ranar. Jinkiri ba ya rage kunyar, ƙara ta yake.

Daga ƙarshe na shiga birni ran Juma'a bayan an sauko, na sami Baba Malam a zaure. Na kwashe duka na gaya masa. Ya daɗe yana jan carbi, sannan ya ce, "Wato littafin da ya sa ka cire ta, shi ne kuma zai sa ka mai da ita?"

Na ce, "Haka ne, Yaya."

Ya ce, "To, ni ba na hukunci a kan abin da ban ji ba. Kawo shi."

Shi ba ya karanta boko, saboda haka ni na riƙa zuwa bayan la'asar ina karanta masa, da irin karatuna mai tuntuɓe. Yana zaune a kan buzunsa, ido a lumshe. Na ɗauka ma barci yake. Ran da muka kai inda ɗan damfara ya gudu da ƙunshin yaran, na tsaya zan rufe don an kusa kiran magariba, sai na ji ya ce, "Ƙarasa shafin mana." A nan na san ana ji.

Da muka kai ƙarshe, inda suka sami ubansu kwance a asibiti da ciwo a ƙafa, ya buɗe ido ya ce, "Abu biyu na ƙi. Yaran nan sun yi tafiya mai tsawo, sau ɗaya tak na ji an ce sun yi salla. Sa'an nan ɗan damfarar nan an yi masa jajayen idanu da tabo a fuska, ko makaho ya gane shi. Macucin gaske da farar riga yake zuwa, da sallama mai daɗi." Sannan ya ce, "Amma wanda ya rubuta wannan ya san mutane. Bai yabi yaron don yana namiji ba, bai raina yarinyar don tana ƙarama ba. Wannan ba ƙarya ba ce, misali ne, kuma da misali ake koyar da mai hankali. Kira mini Uwani."

Kin tuna zuwanki. Kin durƙusa a bakin zaure, kanki a ƙasa. Ya ce, "Uwata, me kika samu a littafin nan da har ya mantar da ke ƙaninki?"

Kika ce, "Baba, na yi laifi."

Ya ce, "Na san wannan. Ba shi na tambaya ba."

Sai kika ce, "Matar nan ta asibiti da take wanke wa ubansu ciwo kullum, ba ta san shi ba, ba danginta ba ne. Ni irin aikinta nake so in iya."

Ban taɓa jin wannan daga bakinki ba sai ranar. Ina ubanki, muna gida ɗaya, sai da littafi da wana suka tono mini abin da ke zuciyarki. Baba Malam ya juyo gare ni ya ce, "Ilyasu, rantsuwar da ta tare hanyar alheri ba a riƙe ta. Ka yi kaffara, ka mai da yarinya." Ke kuma ya ɗora miki sharaɗi, sai kin sauke Alƙur'ani wurin Gwaggo Asabe kafin a yi zancen wata tafiya. Na yi kaffarata, na mai da ke makaranta da littafinki, kin yi saukarki, kin kamo 'yan ajinku har kin wuce da yawansu. Ga shi yau an ɗauke ki.

Abubuwa biyun da Baba Malam ya ƙi, ki ɗauke su da muhimmanci, don gaskiya ya faɗa. Salla ba ta jiran a sauka daga tafiya ko a gama jarrabawa. Kuma a Kano ba za ki ga macuci da tabo a fuska ba. Zai zo da fara'a, ya ce ya san gidanku a Zariya, ya ce zai taimake ki. Ki amsa gaisuwa, ki riƙe sirrinki, ki bar kwanaki su nuna miki mutum. Ni kuma zan ƙara na uku. A littafi yaran sun sami ubansu da rai, an yi jinya ya warke, an koma gida ana murna. A aikinki ba kullum za a ƙare haka ba. Wata rana za ki yi duk abin da aka koya miki, mutum ya cika a hannunki. Ran nan kada ki ce littafi ya yaudare ki, kada kuma ki ce kin kasa. Ki yi kukanki, ki wanke hannu, ki je wurin na gado na gaba.

Ban da waɗannan, ba ni da abin da zan tsine wa littafin nan. Ya sa yaran unguwa da ba sa son takarda suna layin aro. Ya sa ni da furfurata na ƙara saurin karatu. Ya nuna muku cewa ƙasar nan tana da faɗi, kuma akwai mutanen kirki a inda ba a jin yarenku. In wata malama ko wata ɗaliba ta ce miki karatun labari ɓata lokaci ne, kada ki yi gardama, ki dai tambaye ta ko ta karanta. Ki ci gaba da karanta irinsa a lokacin hutunki, ki auna kowanne da hankalinki, wanda ya yi ki riƙe, wanda bai yi ba ki ajiye.

Ga saƙo kuma. Jiya na je yi wa Baba Malam bankwana a madadinki. Ya yi miki addu'a mai tsawo, na tashi har na sa takalmi, sai ya yi gyaran murya ya ce, "In ta ga wani irin na su Lantana a Kano, ta aiko. Don yara." Na ce to. Ni da ke mun san yaran da yake nufi.

Ba na jin tsoron tafiyarki, uwata. Na ga yadda kika ɗauki laifinki ba ki ɗora wa kowa ba, na ga yadda kika jure hukuncin da ya fi laifin nauyi ba ki lalace ba. Wadda ta iya wannan za ta iya Kano.

Lokacin da kike karanta wannan kin riga kin ga ban zo tasha ba. Kada ki sa a ranki. Na san idona, ba na so ya ba ni kunya a gaban mutane. Ina shago a kan keke. Daga nan ana jin kukan jirgin Kano in iska ta juyo, kuma da na ji shi zan ɗauke ƙafata daga kan keke in ɗaga hannu, ba zan sauke ba sai ƙararsa ta ɓace.

Allah Ya kiyaye hanya, Ya tsare gabanki da bayanki, Ya ba ki ilimi mai amfani da hannu mai albarka, Ya haɗa ki da abokan zama nagari, Ya maido mana da ke lafiya. Na yafe miki duniya da lahira. Allah Ya yi miki albarka.

Wassalam.

Ni ne mahaifinki,
Ilyasu Tela